BABI NA UKU: Baki da Ido a Finafinan Hausa

3.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an kawo tarihin samuwar finafinan Hausa na bidiyo, tun daga Turmin Danya wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a shekarar 1990. A wannan babi kuwa za a tsaya a kan wata tambaya da ba a cika kula da ita ba, wato a ina ne masu shirya waɗannan finafinai suka koyi dabarar ba da labari da hoto, tun da yake mafi yawansu ba su taɓa zama a wata makarantar koyon fim ba? Amsar da aka saba bayarwa ita ce daga Indiya suka kwaikwayo, shi ke nan. A ganin mai wannan nazari, wannan amsa rabin gaskiya ce. Makarantu biyu ne suka yaye su, ɗaya ta koya musu aiki da baki, ɗaya ta koya musu aiki da ido, kuma har yau darussan biyu ba su gama haɗuwa a cikin fim ɗaya ba. Wannan rashin haɗuwa shi ne tushen yawancin ƙorafin da ake yi a kan finafinan, ko da yake masu ƙorafin da wani suna suke kiransa.

3.1 Makarantar Farko: Majigi da Talabijin

Hoto mai motsi ya fara isa ga talakan ƙasar Hausa ne ta hanyar majigi, wato motar gwamnati da take zuwa ƙofar fada ko filin kasuwa da dare, a kafa farin allo a haska wa jama'a fim kyauta. Gwamnatin Ingila ta kafa sashenta na shirya wa ƙasashen da take mulka finafinai a shekarar 1939, kuma wanda aka ɗora a kansa shi ne William Sellers, wani jami'in kiwon lafiya da ya yi aiki a Nijeriya. Wannan Bature yana da ra'ayin cewa mutanen Afirka da ba su saba da fim ba, ba za su iya bin labarin da ake yawan yanka hotonsa ba. Saboda haka ya shimfiɗa ƙa'idoji: a tafi da labari a hankali, kada a riƙa motsa kyamara, kada a yi tsalle daga wani lokaci zuwa wani, a bar hoto ya daɗe a kan allo. Bugu da ƙari, a wurin majigi akwai mai bayani riƙe da lasifika, yana faɗa wa jama'a da Hausa abin da suke gani. Ke nan tun daga ranar farko an sanya hoto a matsayin ɗan rakiya, magana ce uwar tafiya. Fim irin su Baban Larai, wanda aka yi don jawo hankalin manoma ga noman auduga, a wannan turba ya taso.

Da aka buɗe gidan talabijin na Kaduna a shekarar 1962, daga baya kuma aka sami NTA a 1977 da CTV ta Kano a farkon shekarun 1980, wasan kwaikwayo ya sami sabon gida. Amma 'yan wasan da suka shiga wannan gida daga rediyo da daɓe suka fito. Usman Baba Pategi na Samanja da Ƙasimu Yero na Karambana gwanaye ne na harshe, sun san inda za su ja magana da inda za su datse ta. Abin da ake bukata daga mai ɗaukar hoto shi ne ya tsaya a gabansu kamar ɗan kallo a bakin daɓe, ya tabbatar kowa ya fito a allo. Ba laifi ba ne, domin abin da wasan yake bukata ke nan. Sai dai wannan ita ce makarantar da 'yan ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na Kano suka fara halarta, kuma da suka koma ga kyamarar bidiyo ba su bar darasin a baya ba.

Akwai wata 'yar hanya ta daban wadda ya kamata a ambata ko da a taƙaice. Adamu Halilu ya ɗauki Shaihu Umar a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, Sadiq Ɓalewa kuma ya yi Ƙasarmu Ce a 1991. Waɗannan mutane ne da suka san aikin fim na silima. Amma finafinansu ba su shiga kasuwa a kaset yadda yaro ɗan Fagge ko ɗan Gwammaja zai kalla sau goma har ya haddace ba. Shi Shaihu Umar ma ɓacewa ya yi, sai da aka gyara shi aka sake nuna shi a Berlin a shekarar 2018. Don haka wannan hanya ba ta yaye ɗalibai da yawa ba.

3.2 Makaranta ta Biyu: Gidan Silima

An buɗe silimar Rex a Kano a shekarar 1937, sannan Palace a 1951, wasu kuma suka biyo baya, yawancinsu a hannun Kwarori. Su ne suka fara shigo da finafinan Indiya, kuma ba a daɗe ba suka gane nan ne kasuwa take. Mother India na 1957 an yi shekaru ana maimaita shi ba a gaji ba. Brian Larkin, wanda ya yi bincike a Kano a shekarun 1990, ya kawo yadda 'yan kallo suka raɗa wa taurarin Indiya laƙabi irin na gida, kamar Dharmendra da ake kira Sarkin Ƙarfi. Wanda ka yi wa laƙabi kuwa ya zama ɗan unguwa.

Abin lura a nan shi ne, waɗannan 'yan kallo ba sa jin Indiyanci. Mutum zai zauna awa uku a gaban fim da ba ya fahimtar kalma goma a cikinsa, amma ya fito ya ba da labarinsa tiryan-tiryan, har da wanda ya ci amanar wa. Da me ya fahimta? Da ido da kuma kiɗa. Ya koyi cewa idan aka matso da fuskar uwa har ta cika allo, to akwai abin da yake cin ta a zuci. Ya koyi cewa idan hoto ya yi dishi-dishi ya narke, an koma baya ne ana tuna wani abu. Ya koyi cewa idan aka nuna idon saurayi sannan aka yanka zuwa ga idon budurwa, an riga an gama magana. Duk abin da Sellers ya ce Bahaushe ba zai gane ba, Bahaushe ya biya kuɗinsa ya gane shi, ba tare da mai lasifika ba. Wannan ita ce makarantar ido, kuma da gidajen talabijin suka fara nuna finafinan Indiya a ƙarshen mako, sai ta shiga har cikin ɗaka, ta sami ɗalibai mata waɗanda al'ada ba ta yarda su je silima ba.

3.3 Fim Mai Zuciya Biyu

Domin a gane yadda waɗannan darussa biyu suka zauna a cikin fim ɗin Hausa, mai wannan nazari ya bi wata hanya mai sauƙi wadda kowa zai iya gwadawa. A ɗauki fim na shekarun 1990 ko na farkon shekarun 2000, a kalle shi sau biyu: sau ɗaya a juya wa akwatin baya a saurara kawai, sau ɗaya kuma a kashe murya a zuba ido kawai.

A gwaji na farko, kusan babu abin da yake kuɓuce wa mai sauraro. Za a ji Alhaji ya yi sallama, ya faɗi inda ya fito, ya faɗi abin da yake damunsa, Hajiya ta maimaita masa abin da ya faɗa, sannan a fitowa ta gaba ta je ta labarta wa ƙawarta duk abin da aka riga aka ji. Wannan ne ya sa mace takan kunna fim tana tsakar gida tana tuƙa tuwo, ba ta rasa komai ba. A gwaji na biyu kuwa, abin da ido yake gani shi ne mutane biyu ko uku a kan kujerun falo, bakinsu yana motsi, minti biyar, minti bakwai, kyamara tana tsaye wuri ɗaya. Ba za a iya cewa rabon gado ake yi ko sa ranar biki ba. Sai an zo waƙa sannan fim ɗin yake farkawa: a nan ne ake yanka hoto bisa bugun kiɗa, a nan ake matso da fuska, a nan ake canza wuri da tufafi, a nan ne mai kyamara yake tuna cewa yana da ƙafafu.

Ma'ana, an raba aikin gida biyu. Labari na baki ne, ado na ido ne. Wani dalilin wannan shi ne yawancin labaran farko daga littattafan soyayya aka ciro su, kamar In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda aka mayar fim a 1994. Littafi kuwa da kalma yake aiki, kuma marubucin da ya zama mai shirya fim yakan ji nauyin zubar da jimlar da ya sha wahala kafin ya ƙera ta. Wani dalilin kuma na kasuwa ne. Bayan da Sangaya ya fito a 1999, labarin ɗan sarki da yarinyar da take aiki a gidan sarauta, wanda Ali Nuhu da Fati Muhammad suka fito a ciki, waƙarsa ta game gari har ta fi fim ɗin kansa suna. An yi kiɗan ne da fiyano amma aka sa shi ya yi amo irin na kayan kiɗan gida, abin da ya sa kunnen Bahaushe ya karɓe shi nan take. Daga nan 'yan kasuwar kaset na Ƙofar Wambai da Bata suka ɗauki darasi: waƙa ce take sayar da fim. Sai ya zama ana iya yin waƙa tun kafin a san labarin da za a saka ta a ciki, a zuba kuɗi da lokaci a kan ɗaukarta, sauran fim ɗin kuma a gama shi a gurguje.

A nan ya kamata a yi wa waƙa adalci, domin masu cewa sanya waƙa a tsakiyar labari baƙon abu ne ga Bahaushe sun manta da tatsuniya. Tatsuniyoyi da yawa suna ɗauke da waƙa, kuma waƙar ba ado ba ce. Marainiyar da kishiyar uwa take zalunta ba ta iya faɗa wa ubanta da baki, sai ta rera a bakin rafi wani ya ji. Tsuntsu yakan tona asirin kisan kai da waƙa. Idan aka cire waƙar, tatsuniyar ta rushe, saboda ita ce take faɗin abin da ba ya faɗuwa. Wannan shi ne ma'aunin da ya dace a auna waƙar fim da shi, ba wai ko ta yi kama da ta Indiya ba. Idan aka auna da shi, waƙoƙi kaɗan ne suke tsira. Mafi yawansu ana iya tsallake su da rimot, labari ya ci gaba daga inda ya tsaya kamar ba a yi komai ba.

3.4 Kunya a Gaban Kyamara

Kirk-Greene, a nazarinsa na Mutumin Kirki na 1974, ya lissafa kunya cikin halayen da Bahaushe yake auna mutum da su. To, kyamara kuwa aikinta nunawa ne. Tana ƙura wa mace ido, abin da baƙo ba ya yi. Tana wuce zaure ta shiga har uwar ɗaka, inda aka rubuta wa namiji baligi "ba a shiga". Saboda haka duk wanda ya ɗauki kyamara a ƙasar Hausa ya ɗauki wata matsala tare da ita: yaya zai nuna soyayya, ko fushi tsakanin miji da mata, a cikin al'ummar da take ganin mutunci a ɓoye su?

Masu fim na Indiya su ma sun gamu da irin wannan matsala. Shekaru da dama ba sa nuna sumba a allo, sai suka mayar da abin cikin waƙa, da ruwan sama da furanni da guje-guje a tsakanin itatuwa. Wato waƙar fim ɗin Indiya ita ma wata irin kunya ce, amma kunyar Indiya. Iyakarsu ita ce sumba, riƙe hannu da runguma ba komai ba ne. Iyakar Bahaushe kuwa tun daga taɓa jiki take farawa. Da aka aro wannan riga sai aka ga ba ta yi daidai ba. Idan aka bar ta yadda take, malamai da iyaye su tashi. Idan aka rage ta, sai a sami abin da kowa ya sani: saurayi da budurwa a cikin lambun wani otal, kamu biyar a tsakaninsu, kowa yana kaɗa hannu shi kaɗai, suna canza kaya sau shida. Bai gamsar da mai neman Indiya ba, bai kuma kwantar da hankalin mai tsoron Indiya ba.

Tarihin takaddamar da aka yi ya tabbatar da cewa a nan ne ƙurjin yake. Bayan ƙaddamar da Shari'a a Kano, gwamnati ta dakatar da harkar fim a watan Disamba na 2000, sannan ta kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001, kuma rawa da cuɗanyar maza da mata su ne kan gaba a abubuwan da aka sa wa ido. A 2016 ƙungiyar MOPPAN ta kori Rahama Sadau saboda wani bidiyon waƙa da ta fito a ciki tare da mawaƙi ClassiQ, inda aka ga sun taɓa juna. A wannan shekarar ce kuma aka janye shirin gina alƙaryar fim a Kofa ta ƙaramar hukumar Bebeji bayan malamai sun yi suka. Abdalla Uba Adamu ya yi rubuce-rubuce masu yawa a kan wannan ja-in-ja. Abin da wannan nazari yake ƙarawa shi ne, ba a cika jin an yi rigima a kan fitowar falo ba, domin a can kyamara ba ta yin komai. Inda take aiki kawai ake faɗa, kuma inda take aikin da aron hannu take yi.

Abin takaicin shi ne, kunyar Bahaushe ba makauniya ba ce, aba ce da ake gani da ido, har ma ana iya cewa an yi ta ne domin kyamara. A dubi zance a ƙofar gida: saurayi a tsaye ko a kan dakali, yarinya ta ba shi gefe, ta ja mayafi, tana wasa da bakin zanenta, ƙanwarta tana leƙowa daga soro. A dubi uwa da ɗanta na fari, wanda ba ta kiran sunansa: ya dawo daga doguwar tafiya, kowa ya taso da murna, ita kuwa ta ci gaba da tsintar shinkafarta, sai dai hannun ya tsaya cak na ɗan lokaci. Wannan tsayawar hannu, idan aka matso da ita ta cika allo, ta fi jawabin minti biyar. A dubi suruki yana cire takalmi tun daga nesa, ko yana canza hanya. A dubi sayen baki, inda shirun amarya yake da farashi, abokan ango suna ciniki a kansa. Shi kansa ginin gidan Bahaushe, daga zaure zuwa shigifa zuwa tsakar gida zuwa turaka, mataki-mataki ne na kusanci, ta yadda wurin da aka tsayar da baƙo kaɗai ya isa ya gaya wa mai kallo matsayinsa a gidan. Labule ma yana magana: wanda ya ɗaga shi, da wanda ya tsaya a bayansa ya yi sallama.

Duk waɗannan ba sa bukatar a taɓa kowa, ba sa bukatar izinin hukuma, ba sa bukatar kuɗi. Dabarar da ake bukata ita ce dai wadda aka riga aka koya a silima, wato matso da hoto, da yanka daga wannan fuska zuwa waccan, da barin shiru ya yi aikinsa. Amma maimakon haka sai a ga an ɗauki jaruma an zaunar da ita a falo mai kujerun alfarma tana cewa, "Ni fa kunyarsa nake ji." Wanda ya iya faɗin haka da bakinsa ai kunyar ta riga ta tafi.

Wani zai ce masu kallo ne suke son haka. Wannan hujja tana da rauni, domin su waɗannan masu kallo su ne jikokin mutanen da suka fahimci Mother India ba tare da tafinta ba. Haka kuma finafinan barkwanci da ake kira camama, waɗanda ake yi wa kallon na talakawa, sun fi na soyayya amfani da jiki. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014, yana iya ba mutum dariya ko an kashe murya, da tafiyarsa da zare idonsa da irin kayan da yake sawa. Shi ne ya fi kowa cin gwaji na biyu da aka ambata a sama, ko da yake ba shi ake kawowa misali ba idan ana maganar fasaha.

3.5 Bayan Zamanin Kaset

Abubuwa sun canza tun daga tsakiyar shekarun 2010. Kasuwar kaset da faifai ta mutu, finafinan Indiya da ake ɗora wa muryar Hausa, irin na kamfanin Algaita, suka cika wayoyin matasa. Wannan fassara ta rufe tsohuwar makarantar ido ta wani ɓangare, domin yanzu yaro ba ya bukatar ya karanci fuskar jarumi, ana gaya masa komai da Hausa, har da ƙarin barkwancin da babu shi a asali. Mai lasifikan majigi ya dawo ta bayan gida.

A ɗaya ɓangaren, tashar Arewa24 da aka buɗe a 2014 ta kawo shirye-shirye masu dogon zango irin su Daɗin Kowa, wanda ya nuna ana iya riƙe masu kallo shekara da shekaru ba tare da rawa a lambu ba. Labarina na Aminu Saira, wanda ya fara a 2020, da sauran waɗanda ake sakawa a YouTube, sun zo da kyamarori masu kyau da haske mai tsabta, kuma da yawa daga masu ɗaukarsu a intanet suka koyi aikin. An sami ci gaba na zahiri wajen sauti da haske da tace hoto. Sai dai tsarin mako-mako yana da nasa jarabar, domin wanda zai cika awa guda kowane mako hanya mafi arha gare shi ita ce ya zaunar da mutane biyu su yi ta magana. Adon da a da ake zubawa a waƙa yanzu ya koma ga hoton sama, wanda ake ɗauka da ɗan ƙaramin jirgi maras matuƙi: a nuna rufin gidajen Kano ko wata gada daga sama, da kiɗa mai taushi, na daƙiƙa ashirin, sannan a sauko a koma falo, inda Hajiya take jiran ƙawarta domin ta ba ta labarin abin da ya faru a makon jiya.